Masu cutar baifola ma suna da zuciya da koda, a rika duba musu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni dan fili in yi magana kan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wato lafiyar jikin 'yan uwanmu masu cutar baifola, cutar nan da mutum zai yi kwana da kwanaki kansa ya dau zafi, ba barci, ga surutu ga kashe kudi ba lissafi, can kuma sai ya fada bakin ciki ko kofar daki ba ya iya lekowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum miliyan 40 ne ke dauke da ita, kuma ita dai hukumar ta ce masu manyan cututtukan kwakwalwa sukan rasu da wuri, da bambancin shekara 10 zuwa 20 tsakaninsu da sauran jama'a. Rai na Allah ne, wannan ba musu. Amma mafi yawan wannan mutuwar ciwon zuciya ne ke kawo ta, da hawan jini da shanyewar barin jiki da ciwon suga, abubuwan da duk mun san in an gano da wuri ana shawo kansu.

Ni nake jinyar yayana, ni nake kai shi ganin likita, kuma gaskiya abin da ake yi kusan kullum daya ne, yaya barci, yaya cin abinci, kana shan magani, sai a rubuta takarda a ce mu dawo bayan wata kaza. Hawa sikeli babu, awon jini sai in mun roka. Ban ga laifin likitan ba wallahi, mutum daya ga layi har waje, kuma an sha fada cewa likitocin kwakwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. To amma awon hawan jini minti nawa zai ci? Nas ma za ta iya yi tun mutum yana kan benci.

Dauki maganin nan olanzafin da ake yawan bayarwa. Yana aiki sosai wajen kwantar da ciwon, amma yana bude ciki, mutum ya ci tuwo ya koshi bayan awa daya ya ce yunwa, cikin 'yan watanni sai ka ga tumbi ya fito riga ta matse. Mu kuma a gida sai murna, ana masha Allah ya murmure, kumatu sun fito, Hajiya tana kara masa malmala. Alhali wannan kibar ita ce ke jawo suga da kitsen jini, kuma suga na iya dadewa a jiki ba a sani ba sai ya fara yawan fitsari da kishirwa ko gani ya fara raguwa. Wasu kuma, musamman 'yan mata, da sun ga jiki ya bude sai su boye kwayar a karkashin filo su daina sha, bayan dan lokaci ciwo ya dawo sabo a koma gidan jiya. Don Allah kar wanda ya tsayar da magani da kansa. A koma a fada wa likita, akwai wadanda ba su kai wannan sa kiba ba, shi ya san wanda zai canja.

Litiyam kuma nasa lamarin ya fi bukatar ido. Tsohon magani ne mai kyau, amma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba tazarar kadan ce, shi ya sa dole a rika gwada yawansa a jini, a duba koda, a duba halittar nan ta wuya da ke kawo makoko. In ruwan jiki ya ragu sai litiyam ya taru a jini, ka tuna zafin Maris zuwa Mayu a Sakkwato ko Maiduguri da ke wuce digiri 40, ko kuma a yi gudawa da amai. Sannan ga kemis, baya na ciwo sai a aiki yaro ya sayo dikilofenak ko ibufurofen, wadannan suna kara litiyam a jini, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. In ka ga hannun mai shan litiyam na rawa sosai, yana tangadi, harshe ya yi nauyi, ya rude, ba lokacin tofi kadai ba ne, a garzaya asibiti a kuma tafi da kwalin maganin.

Haka batun azumi. A tambayi likita tun a Sha'aban, domin kishirwar yini da sauyin lokacin shan kwaya da raba dare duk suna taba mai wannan cuta, kuma rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, kar mu matsa masa da gori. Matan aure da ke shan Epilim, wani maganin da ake bayarwa a wannan cuta, su ma a gaya musu gaskiya tun kafin ciki, yana iya nakasa jariri, a zauna da likita da mijin a yi shawara.

Sai namu laifin na gida. Saboda kunyar mutane muna ajiye su a daki, kar ya fita kar a gan shi, yini guda a kwance da waya, ga lemon kwalba ga shayi mai suga cokali hudu, ga sigari ana cewa a kyale shi da abin da ke damunsa. Wiwi da tiramadol kam ba sai an fada ba, fetur ne a kan wuta. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta isa ta cika minti 150 din da masana lafiya ke ba da shawara, a raka shi bayan asuba ko da la'asar sakaliya, a aike shi kasuwa, a tafi da shi gona. Wake da zogale da rama da kunun gero ba suga duk muna da su. Goro da kofi da daddare a rage, a kuma tsayar masa da lokacin kwanciya ko da biki ake a gidan.

Abin da ya fi kona min rai shi ne in ya ce kirjinsa na ciwo ko kafarsa ta kumbura sai a kalli juna a ce ciwon ne ya motsa. Har wasu ma'aikatan lafiya, da sun ga katin bangaren kwakwalwa shi kenan sun gama yanke hukunci. Mutum ne fa, yana iya kamuwa da duk abin da ni da kai za mu kamu da shi, a saurare shi a duba shi.

A Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar kwakwalwa da ta maye gurbin ta 1958, mun ji dadi. Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da kwamishinonin lafiya na jihohinmu shi ne a wajabta awon nauyi da hawan jini duk ranar ganin likita, gwajin suga da kitsen jini da koda kuma akalla sau daya a shekara, a saukaka kudinsu, a kuma kai gwajin litiyam manyan asibitocin jihohi don kar sai an yi doguwar tafiya. Kai kuma Malam Edita, ranar 30 ga Maris ce ranar wannan cuta ta duniya, don Allah a samo likita ya yi wa masu jinya bayani da Hausa a shafin lafiya.

Naku,
Wani mai jinyar dan uwansa, daga Zariya