Godiya ga masu ɗaure mana kayan gilashi daga Legas

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Manaja, muna gaishe ka da ma'aikatan sashen ɗauri da 'yan lodi, da fatan an tashi lafiya.

Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan yadda tambulan, farantai da kwalaben turare ke cin tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano, su iso ba ko tsaga. Wasu na cewa sa'a ce. Wanda ya san gilashi kuwa ya san akwai lissafi a ciki.

Abin da ke fasa gilashi shi ne tsayawa farat ɗaya. A ce kwali ya suɓuce daga tsayin mita 1. In soson ciki ya lotsa santimita 2 kafin kayan su tsaya, ƙarfin da zai bugi tambulan ya kai kusan ninki 50 na nauyinsa. In ya lotsa santimita 5, sai ya sauko kusan ninki 20. Aikin soso ke nan, ya ja lokacin tsayawar. Shi ya sa muke yaba ɗaurinku na kwali cikin kwali, da tazarar aƙalla santimita 5 ta kowane ɓangare, har da ƙasa, wurin da masu gaggawa suka fi mantawa. Kuma ba kowane soso kuke sawa ba. Mai laushi da yawa, kaya mai nauyi zai danne shi har ƙarshe ya daki kwali. Mai tauri kuma miƙa bugun yake yi kai tsaye. Mun lura sai an ɗaga kaya an ji nauyinsa ake zaɓa.

Sai girgiza, wadda ta fi faɗuwa ɓarna a ɓoye. Tsaga daga ɗan ƙarce take farawa, wanda ido ma ba ya gani, kuma kofi biyu da suka kwana suna gogar juna a tirela sun isa su yi shi. Ku kuwa kowane kofi da ɗakinsa: a cusa takarda a cikinsa, a naɗe shi da leda mai kumfa, kumfar ta kalli gilashin. Farantai a tsaye kan gefensu, masu nauyi a ƙasa. Kafin a ja salatif, sai ka ga mai ɗauri ya jijjiga kwalin kusa da kunnensa. In ya ji ƙas-ƙas, ya sake buɗewa ya cike gurbin.

Roƙonmu ɗaya ne, ga damina na tafe. Kwalin da ya sha laima ƙarfinsa raguwa yake yi, na ƙasa ya lanƙwashe, lodin ya sauka kan gilashi. A daure a duba tampol, a kuma ɗora kwalaye kan katako.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya tsare direbobinku a hanya.

Mu ne naku,
Wasu masu sayar da kayan gilashi a Kasuwar Sabon Gari, Kano