Godiya ga iyayenmu mata da samarin coci masu dafa abincin dala ashirin a Damagaram

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na godiya ne zuwa ga iyayenmu mata da samarin cocin nan masu dafa abinci suna saidawa da arha saboda masu ƙaramin ƙarfi a nan Zinder. Ni dai ban iya tsara wasiƙa ba, ɗan kabu-kabu ne, amma abin ya tsaya mini a rai shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Tsohona na kawo daga ƙauyenmu wajen Mirya zuwa babbar likita, muka yi kwana 19 muna jinya. Duk wanda ya taɓa jinya ya sani, ordinansi (takardar sayen magani) kan ordinansi, kafin ka biya na safe an miƙo maka na marece, ga shi na ajiye moto ba na fita aiki, 'yan jikkunan da na zo da su ko sati ba su kai ba. Mu uku ne, ni da inna da ƙanena, wata rana gari da ƙuli muke jiƙawa mu kwana a kai. Wata baiwar Allah da ke jinyar ɗanta kusa da mu ce ta ce in ɗauki kwano in je wajen 'yan coci, dala ashirin, wato sefa 100, ake zubawa.

Gaskiya na yi jim. Abu biyu suka riƙe ni, na farko nama, wa ya yanka? Na biyu kunya. Da na je na tambaya kai tsaye, wata dattijuwa da kowa ke ce ma Mama ta yi dariya ta ce ɗana, a Kasuwar Dole muke saye wajen mahautanku, kuma ma yau babu naman, shinkafa da wake ce da mai da yaji. Ta cika min kwano har da tozo. Wallahi abin da ta zuba min na sefa 100, a bakin titi ko ka ba da 300 ba za ka same shi ba, balle tun da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 buhun shinkafa ya hau sama, an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 amma aljihun talaka bai gama farfaɗowa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin nan da kuke karɓa. Da farko na ce to in taimako ne me ya sa ba za a ba da kyauta ba? Sai daga baya na gane. In ka miƙa dalarka ashirin aka ba ka tike, ka shiga layi kamar kowa, kai mai saye ne, ba wanda zai kalle ka a ce ga mabaraci. Magidanci da furfura a gemu zai iya tsayawa kansa a sama. Ranar da ba ni da ko sisi na tsaya daga nesa ina ta juya kwano, wani saurayi cikinku ya zo ya sa min tike a hannu kamar muna gaisawa, ya ce in na samu in kawo. Ba wanda ya gani. Na kai bayan kwana huɗu, ya ma manta.

Kuma ba a taɓa yi mana wa'azi ba, ko sau ɗaya. Almajirai, makafi, mutanen unguwar Kara-Kara, 'yan garuwa, har da ɗaliban jami'a da bursu, wato kuɗin tallafin karatu, bai fito ba, duk layi ɗaya. In lokacin azahar ya yi akwai buta da tabarma a gefe. Ruwan kansa ma abin a yaba ne, kowa ya san yadda Damagaram take da ruwa, bido (jarka) nawa za a saya kafin a wanke waɗannan manyan tukwane? Ga itace, ga tsadar mai.

Akwai maganar da nake ta kewayewa. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ina garin nan, ina saurayi, lokacin da aka ƙone coci-coci bayan sallah saboda zanen ɓatancin nan na jaridar Faransa. Ban ɗau ashana ba, Allah shaida, amma na tsaya ina kallon hayaƙi kuma ban ji komai a raina ba. Duk ranar da Mama ta miƙo min kwano sai abin ya faɗo min, ban taɓa iya faɗa mata ba, to yau na faɗa.

Tsoho ya samu sauƙi alhamdulillah, mun koma gida, kullum sai ya tambayi masu kunun tsamiyar nan da kuke dama masa daban saboda ba ya iya cin mai nauyi. Inna ta ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ta ce in kaka ta yi akwai tiya biyar ta gero da busasshiyar kuɓewa da za ta aiko, kada ku ce a'a don ba za ta ji ba. Ni kuma duk ranar cefane a kira ni in ɗauko kaya daga kasuwa, mai kawai za a zuba min.

Mama, samari, sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Ɗanku, mai kabu-kabu daga Zango