Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna: fom ɗin JAMB ba ya tambayar kuɗin makaranta

Assalamu alaikum, mai girma Kwamishina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ranka ya daɗe, duk shekara da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye, magana ɗaya ce ke yawo a majalisun Zariya, daga Ƙofar Doka har Samaru: wai ɗan makarantar kuɗi ne ke samun gurbi, ɗan makarantar gwamnati kuwa sai dai ya hangi ƙofar ABU daga cikin a-daidaita-sahu. Wannan magana ta sa iyaye da yawa na matse bakin aljihu, wasu har da cin bashi, don su cire yaro daga ta gwamnati. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba inda mutane ke zato take ba. Mafi yawan ratar da ke tsakanin makarantun biyu ƙananan abubuwa ne masu arha waɗanda ma'aikatarka za ta iya toshewa.

A tsarin ɗaukar ɗalibai babu wani maki da ake ƙara wa yaro don ya yi makarantar kuɗi, babu kuma wanda ake rage masa don ya yi ta gwamnati. Abin da ake dubawa sananne ne: makin JAMB cikin 400, kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS a zaman da bai wuce biyu ba, dacewar darussa da kwas ɗin da aka nema, sai jarabawar tantancewa ta jami'a. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kaduna tana cikin yankin ABU, tana kuma cikin jihohin rukuni na uku. Ke nan ɗan Tudun Wada ko Gyallesu ƙofa uku gare shi. Tun 2017 kuma duk wani gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB. To idan ƙa'ida ɗaya ce, a ina ake barin 'ya'yanmu?

Wuri na farko shi ne aji huɗu na sakandare, ranar da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci. A makarantun gwamnati da dama, abin da ake da malaminsa shi ake koyarwa. Yaro yana son karatun lauya, amma makarantar ba ta da malamin Adabin Turanci, sai a cike masa gurbin da wani darasi. Shekara uku bayan nan ya ci JAMB da kyau, sai a ce masa ba a ɗaukar ɗalibin shari'a sai da kiredit a Adabin Turanci. Mai son likitanci dole ya rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a JAMB. Mai son injiniyanci, Lissafi ne zai maye gurbin Bayoloji. Mai son ilimin tattalin arziki da ya guje wa Lissafi a JAMB ya kashe takardarsa tun kafin ya zauna. Duk wannan yana rubuce a kundin kwasa-kwasai na JAMB, kyauta a intanet. Makarantar kuɗi mai kyau tana da wanda ke buɗe kundin nan ya zauna da yaro da uwayensa. A ta gwamnati, ofishin malamin ba da shawara sau da yawa suna ne kawai a jikin ƙofa, mai riƙe da shi kuma yana da azuzuwa shida da yake koyarwa.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. Darussan kimiyya uku kowanne yana da takardar firatikal. A Kemistiri za a ba yaro buret da fifet, wato gilasan auna ruwan sinadari, ya riƙa ɗiga sinadari a kan wani har launi ya juya, ya karanta ma'auni, ya maimaita har sakamakonsa su zo kusa da juna. Wanda ya taɓa yi sau goma ya san da ɗigo ɗaya ake zarcewa, ya san a daidaita ido da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin a karanta. Wanda a allo kawai aka zana masa, ranar jarabawa hannunsa rawa yake, ya saki famfo ruwa ya kwarara. Nan C6 ke komawa D7, kuma D7 ba kiredit ba ce. Kayan nan ba injinan miliyoyi ba ne. Gilasai ne da sinadarai da batura da ma'aunan lantarki, sai mai kula da ɗakin.

Na uku kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta daina takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Ba wata gwaninta ake nema ba, maɓallan A, B, C, D ne na amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Amma yaron da ranar ce farkon zamansa gaban allon kwamfuta, minti goma na farko a tsoro suke tafiya, ya liƙe wa tambaya ɗaya ta Fiziks, agogo na gudu a saman allo, a tashe shi da tambaya talatin bai ko gani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, sama da miliyan 1.5 cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. A irin wannan cunkoso, maki ashirin da saurin hannu ya jawo kan raba wanda ya shiga da wanda ya zauna gida.

Wurin da ya fi ba mu takaici, ranka ya daɗe, shi ne takardu, domin nan ne yaro mai ƙoƙari ke rasa gurbi ba tare da ya faɗi komai ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Yaro zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar bayanansa, kuma sunan da ke kan NIN shi JAMB ke ɗauka. To ga shi a NIN Muhammad Sani Abdullahi, a rajistar WAEC an rubuta Mohammed S. Abdullahi, ranar haihuwa a can 2008, a nan 2007. Gyara kuwa ba na kwana ɗaya ba ne. Wani kuma layin wayar mai shagon intanet ko na yayansa aka yi amfani da shi, layin ya ɓata, duk saƙon da ya biyo baya ya tafi ga wani. Wani ya yi rajista yana jiran sakamakon NECO, sakamako ya fito da kyau, amma babu wanda ya gaya masa sai ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita an ɗora shi a shafinsa, jami'a kuwa ba ta iya ba da gurbi ga wanda sakamakonsa bai hau ba. Wani ya sa ABU a zaɓi na biyu, alhali jami'o'in da ake rububinsu na farko suke kallo. Wani ma an ba shi gurbin, yana nan a CAPS yana jiran a danna amincewa, shi kuma yana gida yana jiran a kira shi. Makarantar kuɗi tana da ma'aikaci ɗaya da littafi ɗaya da ke bin waɗannan, domin sunayen da suka shiga jami'a su ne tallarta ta baɗi. Iyakar sirrin ke nan.

Kada kuma a ɗauka duk makarantun kuɗi kanwar ja ce. Akwai masu nagarta, ɗalibai talatin a aji, malami na duba aikin kowa. Akwai kuma gida mai ɗaki huɗu a lungu da aka rataya wa allon suna, malami ɗaya na koyar da Fiziks da Lissafi da Aikin Gona a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, ya bar aiki tsakiyar zango. Sai waɗanda ake kira mirakul santa, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Irin waɗannan su ke ɓata lissafi: yaro ya yi shekara biyar a makarantar gwamnati, a aji shida a mayar da shi can don rajista, ya fito da A1 da B2 jere, a ce aikin makarantar kuɗi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A zauren JAMB da na jarabawar tantancewa daga shi sai kwamfuta da kyamara, sai ka ga mai A1 a Lissafi ya tashi da 140. Ban da haɗarin WAEC ta riƙe sakamakon cibiyar baki ɗaya, mai laifi da marar laifi.

Akwai kuma abin da ake jingina wa makaranta alhali na gida ne. Ɗan malamin jami'a da ya tashi a Samaru cikin littattafai, ana biya masa lesin, ana sauraron karatunsa da dare, ko ina aka kai shi zai yi ƙoƙari. Garin da yake da Alhudahuda da Barewa, wadda ta yaye Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammed da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba ya buƙatar a gaya masa abin da makarantar gwamnati za ta iya idan an tsaya mata.

Abin da muke roƙo na farko, kuma wanda muka fi nauyaya, shi ne alƙaluma. Ma'aikata ta riƙa wallafa wa kowace sakandare, ta gwamnati da ta kuɗi, adadin waɗanda suka zauna jarabawa, waɗanda suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi, matsakaicin makinsu na JAMB, da adadin waɗanda suka shigo makarantar a aji shida kaɗai. Wannan layi na ƙarshe shi zai tona asirin cibiyoyin satar amsa, domin makarantar da ke da yara 25 a aji biyar ta wayi gari da 200 a aji shida ta bayyana kanta. Hukumar kula da ingancin makarantu ta jiha ta san inda za ta fara.

Sannan kowace babbar sakandare ta sami malamin ba da shawara da aka sauke masa rabin darussansa, da aiki rubutacce: a aji huɗu ya daidaita darussan yaro da burinsa, a zango na biyu na aji biyar ya jera takardar NIN da ta haihuwa da rajistar makaranta ya tabbatar harafi bai saɓa wa harafi ba, ya tabbatar yaro zai cika shekara 16 da ake buƙata, kuma yana da layin waya nasa na kansa. Bayan an gama jarabawa ya ci gaba da riƙe lambobin yaran har zuwa Disamba, yana tuna musu ɗora sakamako da leƙa CAPS. Shi ne kuma zai gaya wa mai maki 210 gaskiya cewa guraben likitanci da shari'a ƙayyadaddu ne, hukumomin sana'o'in ne ke yanke wa kowace jami'a adadinta, gara ya sauya kwas da wuri. Ya nuna wa wanda bai samu ba hanyar IJMB, wato karatun share fage da ake shiga jami'a da sakamakonsa, da makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, da difloma a Kwalejin Nuhu Bamalli wadda ake shiga jami'a da ita kai tsaye aji biyu.

Batun kwamfuta ba sai an gina sabon ɗaki a kowace makaranta ba. Zariya da Sabon Gari suna da cibiyoyin jarabawa da ke zaune babu aiki mafi yawan shekara. A yi yarjejeniya da su, kowane ɗan aji shida ya yi cikakkiyar jarabawar gwaji ta awa biyu, da agogo, aƙalla sau huɗu tsakanin Oktoba da Maris, a kuma ba malamansa sakamakon su ga inda ya yi rauni. A ƙirga makarantun da ba su da malamin Fiziks ko Kemistiri ko Adabin Turanci, a tura musu kafin a buɗe zango. Inda ba a samu ba, a haɗa makarantu biyu ko uku da ke kusa su yi tarayya a malami ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya.

Rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta. Idan takardar umarni kan duba NIN da sunaye ta isa hannun shugabannin makarantu a zangon farko, 'yan aji shida na bana ma za su amfana.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a gama lafiya.

Daga wasu malaman sakandare da iyayen ɗalibai,
Zariya, Jihar Kaduna.