Wasiƙar Wannan Wata: Labarin Althea Gibson, Yarinyar da Ke Gudun Makaranta

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, ya iyali, ya kuma ɗawainiya da yara? Allah ya saka da alheri.

A taron safe na wannan watan mun ba ɗalibai labarin wata 'yar Amurka mai suna Althea Gibson, kuma na ga ya kamata ku ma ku ji shi, don in yara sun kawo zancenta gida ku san inda aka dosa. Ita ce baƙar fata ta farko, a maza da mata, da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya. Abin da ya ja ni gare ta kuwa shi ne ƙuruciyarta, domin da a makarantarmu take, da kullum sunanta na cikin masu fashi.

An haife ta a 1927 a ƙauyen Silver, jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta na noman auduga a gonar wani, in kaka ta yi a raba amfani. Da noman ya ƙi, suka yi ƙaura a 1930 zuwa Harlem, unguwar baƙaƙe a birnin New York. A titi ta taso, daga faɗa sai ƙwallo sai gudun aji. Mahaifinta na dukanta, amma dukan bai zaunar da ita a makaranta ba. Sai ma ya kai wani daren takan kwana a jirgin ƙasan cikin gari, yana kai-komo da ita har asuba, don tsoron komawa gida. Tana shekara 13 ta bar karatu.

A layinsu, titi na 143, akan tare hanyar mota da rana don yara su samu wurin wasa. Nan ta koyi wani ƙaramin tanis da ake bugawa da faffaɗan katako, kuma a 1939, tana shekara 12, ta zama zakarar mata ta birnin gaba ɗaya. Maƙwabta da suka ga hannunta suka yi karo-karo a 1940, suka biya mata kuɗin shiga kulob ɗin tanis na Cosmopolitan da kuɗin mai koyarwa. Ku duba fa, yarinyar da kowa ya san ta da rashin ji ce aka tara wa wannan kuɗin.

Inda na fi so ku tsaya shi ne 1946. Wasu likitoci biyu baƙaƙe masu son tanis, Dakta Hubert Eaton da Dakta Walter Johnson, suka ga wasanta suka yi mata tayi. Lokacin karatu za ta zauna a gidan Eaton a Wilmington, jihar Carolina ta Arewa, cikin iyalinsa, ta koma sakandare, ta riƙa atisaye a filin da ke bayan gidan. In hutun bazara ya zo ta tafi gidan Johnson a Lynchburg, ya yi ta kai ta gasa. Ba su ce ta ajiye ƙwallo don boko ba, ba su kuma yarda ta ɗauki ƙwallo ta bar boko ba. Tana shekara 19 ta shiga makarantar Williston, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba. A garin kuma in ta hau bas, dole ta wuce kujerun baya da aka keɓe wa baƙaƙe. Ta daure. Ta gama a 1949 tana shekara 21, ta wuce jami'ar Florida A&M da tallafin 'yan wasa, ta fito a 1953.

Da na zo nan a labarin sai na tuna wata uwa da ta taɓa zama a ofishina da 'yarta, wadda rashin lafiya ya tsayar da ita shekara biyu. Yarinyar na murza bakin hijabinta, kanta a ƙasa, abin da kawai take maimaitawa shi ne, “Na yi girma da ajin nan, ƙannena za su yi mini dariya.” Wannan kunyar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma kunyar wata ɗaya ce ko biyu, kuma mun sha ganin irin waɗannan manyan ɗalibai sun zama su ne ginshiƙin aji.

Ƙwarewa ba ta buɗe wa Althea ƙofa nan take ba. Daga 1947 ta ci gasar baƙaƙen Amurka sau goma a jere, amma babbar gasar ƙasa ta Forest Hills ba baƙin da ya taɓa taka filinta. Sai a Yulin 1950 wata tsohuwar zakara farar fata, Alice Marble, ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar tanis ta kunyata masu shirya gasar, sannan aka gayyace ta. A zagaye na biyu ta haɗu da Louise Brough, mai riƙe da kofin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila. Althea na gaba 7 da 6 a zubi na ƙarshe hadari ya taso, tsawa ta faɗo da wani mutum-mutumin mikiya na dutse daga saman filin, aka ɗage wasa. Washegari ta sha kaye 9 da 7.

Shekara shida ta ƙara jira, har ta yi tunanin barin wasan. A 1956 ta ci gasar Faransa. A 1957 ta ci Wimbledon, Sarauniya Elizabeth ta biyu ta miƙa mata kyautar hannu da hannu, ta koma gida ta doke Brough ɗin nan a wasan ƙarshe na gasar Amurka. A 1958 ta sake cinye biyun. Bayanta sai da aka yi shekara 41 kafin wata baƙar Amurka, Serena Williams, ta ci irin wannan gasa a 1999.

Ban ɓoye wa yara ƙarshen labarin ba. A zamaninta waɗannan gasanni ba sa ba da kuɗi, sai kofi da suna. Albashin kirki na farko da ta samu, kafin duk wannan ɗaukaka, na koyar da motsa jiki ne a Jami'ar Lincoln da ke Missouri, kuma takardar digirinta ce ta ba ta shi. Da tsufa ya zo da ciwo da rashi, Angela Buxton, Baturiyar Ingila da suka ci wasan 'yan bibbiyu tare a Paris da Wimbledon a 1956, ita ta shelanta halin da take ciki aka tara mata taimako. Althea ta rasu a 2003.

Roƙona gare ku: in kun lura ɗanku ko 'yarku na zame wa makaranta, ku zo mu zauna tun kafin a kai ga bulala. Ku faɗa mana abin da yaron ke so, ko ƙwallo ne, ko ɗinki, ko kwance rediyo ya mayar, mu ga yadda za mu ɗaura karatun a jikinsa. 'Yan mata kuma a bar su su shiga darasin motsa jiki. Malamai mata ne ke kula da su, kuma cikin sutura ta mutunci suke yi. In akwai wata a gidanku ko a maƙwabta da ta bar karatu tana ganin lokaci ya wuce, ku kawo ta ofishina kowace ranar aiki, ko ku same ni a taron iyaye da malamai mai zuwa.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Taku,
Shugabar Makaranta