Zuwa ga aminina a Kanada, kan girman Ummi da wasan ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin Toronto? Allah Ya sa ya zo muku da sauƙi.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta bayanin da ka yi a kan 'yata Ummi: shekararta 11 da rabi, ta ƙara santimita 4 cikin wata shida, tsallen Aksel mai juyi biyu da rabi da ta fara kamawa ya kuɓuce mata, gwiwarta ta dama tana ciwo, sannan wata mata a filin ƙanƙarar ta ba Hajiya shawarar a rage mata abinci. Wannan shawarar ita ta fi tayar mini da hankali, kuma zan zo kanta. Amma sai ka fahimci abin da ke faruwa a jikin yarinyar kafin ka ga dalilin da ya sa nake cewa kada ku ɗauka.

Mai wasan zamiya a kan ƙanƙara idan ta yi tsalle, abin da take yi a sama bai wuce rabin daƙiƙa zuwa kashi bakwai cikin goma na daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan lokaci za ta gama juyin duka, ta buɗe hannuwa, ta dira da baya a kan gefen waje na ƙarfen takalmi ɗaya. Cikin tsalle shida da ake yi, Aksel kaɗai ake tashinsa ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Saurin juyin kuwa ya dogara ne ga yadda nauyin jiki ya matsu kusa da tsakiyarsa. A lissafin, nisan nauyi daga tsakiya ana ninka shi ne da kansa, don haka idan faɗin jiki ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, wuyar juya shi za ta ƙaru da kusan kashi 10. Kashi 10 na juyi biyu da rabi kuwa rubu'in juyi ne cif. Wannan rubu'in shi ne iyakar da alƙalai ke kallo. Idan abin da ya rage ya wuce rubu'i bai kai rabi ba, sai a ba ta kashi 80 cikin ɗari na makin tsallen. Idan ya kai rabi, sai a mayar da shi tsallen da ke ƙasa da shi, Aksel mai maki 3.3 ya koma na 1.1. Ka ga ke nan ɗan faɗin ƙugun da ido ba ya ma lura da shi ya isa ya ɓata tsallen da aka yi shekara biyu ana koyo.

Ba faɗi kaɗai ba ne. Jiki ba ya girma gaba ɗaya a lokaci guda. Tafin ƙafa ke fara yin gaba, sai ƙafafu su miƙe, gangar jiki ta biyo daga baya. 'Yan mata sukan kai ƙololuwar saurin tsawo wajen shekara 11 zuwa 12, suna ƙara kimanin santimita 8 a shekara, maza kuma wajen 13 zuwa 14. Ƙashi yana riga tsoka da jijiya tsawo, sai cinya da sha-raɓa su ɗaure. Tsakiyar nauyin jiki ta matsa sama, hannun da za a janyo ƙirji ya ƙara tsawo, lokacin da ƙwaƙwalwa ta haddace na tashi da matsewa da buɗewa duk ya saɓa. Kamar direba ne da ya saba da ƙaramar mota aka damƙa masa doguwar bas. Bai manta tuƙi ba, amma dole ya sake koyon shan kwana. Ummi ba ta yi lalaci ba, kuma ba tsoro ne ya kama ta ba, duk da cewa yawan faɗuwa zai iya haifar da tsoron idan aka ci gaba da matsa mata.

Abu na farko da za ku yi shi ne awo. Duk wata uku, da safe, ba takalmi, ta jingina da bango, diddige da ƙeya suna taɓa shi, a ɗora littafi a kanta a yi alama. Mutum ɗaya ya riƙa yi, domin hannu biyu ba sa auna abu daidai, kuma mutum ya fi tsawo da safe fiye da yamma. Santimita 2 a wata uku na nufin tana tsakiyar guguwar. Ranar da adadin ya fara sauka zuwa santimita 1 ko ƙasa, an fara fita. Idan kana son hasashen inda za ta tsaya, haɗa tsawonka da na Hajiya, ka cire 13, ka raba biyu. Uba mai 175 da uwa mai 163 za su ba da 162.5, da sassaucin kusan santimita 8 sama ko ƙasa. Ku ba kocinta waɗannan alƙaluman. Sikelin nauyi kuwa a bar wa likita shi. Ban yarda koci ya riƙa ɗora yarinya a sikeli ba, balle a gaban sa'o'inta.

Batun gwiwa. Yawancin masu wasan suna juyawa ta hagu su dira da ƙafar dama, kuma ƙarfin dirar yakan kai ninki biyar zuwa takwas na nauyin jiki. Yarinya mai kilo 40 tana sauke kamar kilo 200 zuwa 320 a ƙafa ɗaya, a cikin takalmi mai tauri wanda ba ya barin idon sawu ya lanƙwashe ya shanye bugun, sai bugun ya haura gwiwa da ƙugu da baya. Ka danna ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwarta, a saman ƙwauri. Idan nan ne ke ciwo, har wataƙila ya ɗan kumbura, da alama abin da likitoci ke kira Osgood-Schlatter ne: jijiyar cinya ce ke fizgar wurin da ƙashi bai gama ƙwari ba. Irinsa a dunduniya shi ake kira Sever, inda agara ke jan ƙashin diddige. Dukansu sukan wuce idan girma ya kammala, amma sai an rage tsalle, an sa ƙanƙara a ƙyalle minti 15 bayan horo, an riƙa miƙe tsokar cinya a hankali. Duk da haka likita ya gani ya tabbatar. Wanda ba a jira da shi shi ne ciwon ƙasan baya da ya wuce mako biyu, musamman idan yana ƙaruwa lokacin da ta gantsare. Juyin da ake yi ana lanƙwasa baya, ko ana ɗaga ƙafa ta bayan kai, yana iya tsaga wani siririn ɓangare na ƙashin baya, kuma hoton farko ba kullum yake nuna shi ba, wani lokaci sai an yi hoton MRI, wanda ya fi nuna cikin jiki daki-daki. Haka ma ciwon da za ta iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashin tafin ƙafa ko ƙwauri, wanda ke tsananta da tsalle. Ƙwarin ƙashi yana biyo bayan tsawonsa da wata shida zuwa shekara guda, kuma a wannan tazarar ce tsagewa ta fi yawa.

A ganina, a wannan zangon a rage yawan tsallen da take yi a rana da kashi ɗaya cikin uku, ko rabi idan gwiwar na damunta, kuma a ƙirga har da waɗanda ta faɗi, domin ƙafa ba ta bambance tsallen da ya yi kyau da wanda ya lalace. Ta koma kan Aksel mai juyi ɗaya da rabi tana neman tsayi da miƙewar jiki a sama. Idan filin yana da igiyar da koci ke riƙe yaro da ita yayin tsalle, a yi amfani da ita wajen sake saita lokacin matsewa. Sau biyu ko uku a mako ta yi aikin ƙarfi a ƙasa: tsuguno da ƙafa ɗaya, tsokar ɗuwawu da ta ciki, da dirowa daga ɗan akwati a hankali gwiwa na kallon yatsun ƙafa. Tunda juyi ya ragu, ƙarin tsayin tsalle ne zai biya bashin, shi kuma daga tsoka yake fitowa. Awannin horo a mako kada su wuce adadin shekarunta, ta samu hutun kwana ɗaya ko biyu, da barcin awa 9 zuwa sama. Lokacin da aka rage daga tsalle a zuba shi a sarrafa gefen ƙarfe, da juyin tsaye, da tafiya da kiɗa. Waɗannan ma suna da makinsu, kuma doguwar yarinya takan fi kyau a cikinsu. Wannan hali yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, don haka a rage shiga gasa a bana.

Ku duba takalmin ma. Ku ciro shimfiɗar ciki ta taka a kai, idan yatsu sun kai baki ya yi kaɗan. Kada a sayi babba don ta girma a ciki, saboda diddige zai riƙa zamewa, ya fito da ƙullutu a bayan dunduniya, kuma haƙoran gaban ƙarfen za su koma inda ba ta saba ba. Kada kuma a sayi mai taurin da ya fi nauyinta da matakinta. Sabon takalmi sau da yawa yana zuwa da sabon tsawon ƙarfe, a ba ta 'yan makonni kafin a ce tsallen ya gyaru ko bai gyaru ba.

Yanzu ga batun abinci. Gaskiya ne idan aka hana yarinya ci, balaga takan jinkirta, ƙugu ya tsaya siriri, tsallen ya zauna na ɗan lokaci. Shi ya sa mugunyar dabarar ta daɗe a wasan nan. Amma kitsen da ke taruwa a ƙugu da cinyar budurwa halitta ce, aikin sinadaran jikinta ne. Idan abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, jiki yakan rufe wasu ayyuka don ya tsira: al'ada ta ƙi zuwa ko ta ɗauke, ƙashi ya kasa taruwa a shekarun da ya kamata ya fi taruwa, tsoka ta ƙi ginuwa, rauni ya ƙi warkewa. Yulia Lipnitskaya ta Rasha ta ci zinaren ƙungiya a gasar Olamfik ta Sochi a 2014 tana da shekara 15, ta bar wasan a 2017 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Gracie Gold ta Amurka ta dakata a 2017 ɗin don neman magani kan matsalar cin abinci da ciwon damuwa. Akiko Suzuki ta Japan ta rasa kakar wasa guda saboda irin wannan cuta, sai da ta warke ta ci tagulla a gasar duniya a 2012, tana da shekara 27.

Ummi tana bukatar abinci sau uku da ɗan abin taɓawa kafin horo da bayansa. Kalsiyam miligiram 1,300 a rana, kofin madara ɗaya yana ba da kusan 300. Ku sa likita ya auna mata bitamin D, domin baƙar fata a sanyin Kanada, ga yini a rufaffen fili, ba ta samun rana yadda ya kamata. Idan ta fara al'ada a lura da ƙarancin jini, a yawaita nama da wake da ganye. Sauran kuma na Hajiya ne, ka isar mata: al'ada takan zo kamar shekara guda bayan ƙololuwar tsawo, idan yarinya ta kai 15 ba ta fara ba, ko ta fara ta ɗauke wata uku, a je asibiti, kada a ce ai haka 'yan wasa suke. Ta kuma sa ido idan Ummi ta fara tsame wasu abinci, ko gudun cin abinci tare da ku, ko yawan jin sanyi da jiri. In azumi ya kama ta, a mayar da tsalle bayan buɗa-baki, da rana a tsaya kan aiki mara nauyi.

Ka tambaye ni ko tsawo zai kashe mata wasan. Gajeru masu ƙaramin ƙugu suna da sauƙin juyi, wannan babu musu. Midori Ito, macen da ta fara dira Aksel mai juyi uku da rabi a gasa a 1988, tsawonta santimita 145 ne. Amma Carolina Kostner ta Italiya tana da 169, ta zama zakarar duniya a 2012, ta ci tagullar Olamfik a 2014 tana da shekara 27. Kuma dokar ma ta sauya. A da ana rige-rige ne a ci lambar kafin jiki ya buɗe: Tara Lipinski a 1998 da Alina Zagitova a 2018 duk sun ci zinaren Olamfik suna da shekara 15, ta farkon aka yi mata aikin ƙugu a 2000, ta biyun ta dakatar da gasa a ƙarshen 2019. Bayan badaƙalar haramtaccen maganin da aka samu a jikin Kamila Valieva ta Rasha, mai shekara 15, wadda ta ɓulla a Olamfik ɗin Beijin a 2022, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta zauna a watan Yunin 2022 ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, a hankali, har dokar ta cika a kakar 2024 zuwa 2025. Yanzu babu wadda za ta kai gasar manya da jikin ƙuruciya, tsallen da zai yi amfani shi ne wanda aka gina a jikin budurwa. Kaori Sakamoto ta ci gasar duniya sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, tana tsakanin shekara 21 da 23, da gudu da faɗin tsalle. Alysa Liu ta zama zakarar Amurka tana da 13, ta girma manyan tsallenta suka yi mata wuya, ta ajiye wasan tana da 16, ta dawo ta ci gasar duniya a 2025 tana da 19.

Idan kuma bayan shekara biyu tsallen bai dawo yadda take so ba, akwai rawar ƙanƙara ta mutum biyu wadda ba a manyan tsalle a cikinta, akwai ta ƙungiya mai mutum 16, kuma Kanada tana da ƙarfi a dukansu. Wannan zaɓin nata ne, idan lokacin ya yi.

Abin da nake so ka yi a makon nan: ku kai ta likitan wasanni ya duba gwiwar, ku yi awon farko, sannan ka zauna da kocin ba a gaban Ummi ba, ka tambaye shi tsalle nawa take yi a rana da kuma shirinsa na wata shida masu zuwa. Idan amsarsa ta karkata kan nauyinta, ku nemi wani kocin. Ka turo mini bidiyon Aksel ɗin, wanda aka ɗauka daga gefe, da abin da likitan ya ce.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, da Ummi da ƙannenta. Allah Ya raya mana su, Ya ba ta lafiya.

Wassalam,
Naka amini.