Wasiƙa zuwa Jidda kan kuɗin makarantar Auta

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya aiki, ya zafi? Da fatan kana lafiya kai da mutanen ɗakinku. Mu ma nan lafiya lau alhamdulillahi, sai tsadar kaya da kowa ke kuka da ita. Na saurari saƙon muryar da ka turo, na ga in na ce zan amsa da baki zan yi ta kewaye-kewaye in manta rabi, shi yasa na zauna na rubuta, in ka tashi aiki sai ka karanta a nutse.

Da farko barka da arziki, Auta ya samu admishan, Allah ya sa albarka. Yaron nan ya yi ƙoƙari wallahi, ni shaida ne don a shagona ya cike JAMB ɗinsa kuma nan yake zuwa duba sakamako kullum kamar zai cinye kwamfutar.

Toh maganar bashin karatun nan na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashi, da ka ce Baba ya ƙi ji ya ƙi gani. Ra'ayina a taƙaice, ku bar yaron ya nema. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake tukunna, don na lura kai ma labarin da kake da shi tsohon labari ne, na dokar farko. Waccan da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023 ita ce mai sharuɗɗan nan masu wahala, wai sai abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauya ko alƙali, kai ka ji fa, ɗan talakan da ke neman kuɗin rajista ina ya san alƙali? An soke wannan, aka yi sabuwa aka sa hannu ranar 3 ga Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu na shekarar. Yanzu ba maganar mai tsaya maka, ba a tambayar abin da mahaifinka ke samu. Sharaɗin dai makarantar ta zama ta gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, jami'a ce ko poli ko kwalejin ilimi. Masu zaman kansu ba sa ciki.

Kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wannan ba ya shiga hannun yaro sam, kai tsaye ake tura wa makarantar. Sai kuɗin kashewa naira 20,000 duk wata da ke shiga asusunsa, shi kuma ba dole ba ne, in ya so ya nema in bai so ba ya tsaya a na makaranta kawai. Ba ruwa a kai, abin da ka ci shi za ka biya. Kuma ba a fara bin ka sai shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa, in ka samu aiki ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, in sana'arka kake yi kashi 10 na ribar da kake samu a wata. Wanda lokacin ya yi bai samu abin yi ba zai iya yin takardar rantsuwa a ƙara masa lokaci, amma fa in ƙarya ya yi dokar ta ce ɗaurin shekara uku.

Shi Baba ban ga laifinsa ba, kar ka yi masa gardama a waya. Mutumin da ya kai shekarunsa bai taɓa cin bashin banki ba, kuma ya san hadisin da Annabi (SAW) ya ƙi sallatar gawar mai bashi sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya, ba za ka zo rana ɗaya ka ce ɗan autansa ya fara rayuwa da bashin gwamnati a wuya ya ce to ba. Abu biyu ne ke damunsa a ganina, riba da mutuwa. Ribar babu. Mutuwar kuma, Allah ya yi mana tsawon rai, sabuwar dokar ta ba da damar yafe bashin in wanda ya ci ya rasu ko wata ƙaddara ta same shi da ba zai iya biya ba, ba za a zo ƙofar gida ana neman Baba ko kai ba. Ka sa Kawu ya zauna da shi ya yi masa bayanin nan, shi yana jin maganarsa, in ma so yake a je wajen limamin unguwa a je. Bashi hanji ne yana cikin kowa, wanda ba shi da kyau shi ne a ci da niyyar ba za a biya ba, kuma wannan ita ce maganar da nake so ku zaunar da Auta ku gaya masa, don yaran da ke zuwa shagona da yawa kallon rabon gwamnati suke yi wa kuɗin, wani har cewa yake ai kasonsa ne na man fetur. Ba kaso ba ne, da NIN ɗinka da BVN ɗinka aka rubuta.

Wani abin kuma da kai za ka fi kowa ganewa tunda riyal kake karɓa. Ka tuna kafin a cire tallafin mai a 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Bashin da ba ruwa a kansa, a naira, wanda sai nan da shekara bakwai ko fiye za a fara biya, ai kafin lokacin nauyinsa ya ragu sosai. Ni da za ka ciyo bashi a wajen maigidanka can ka turo, kana biya da guminka wata-wata ga iyali ga haya, gara wannan sau goma.

Na kuɗin kashewar ne nake ɗan ja da baya. 20,000 ba ta kai yaro ƙarshen wata yanzu, tsakanin kuɗin mota da handawut da data da abinci sati biyu ta yi yawa, amma in an biya wata 12 ka lissafa 240,000 ke nan a shekara, kafin ya gama ta kusa miliyan, ƙila ma ta fi kuɗin makarantar kansa yawa. In za ka iya ci gaba da turo masa ɗan abin da kake turowa to ya bar wannan ɓangaren. In ka san ba za ka iya ba kar ka yi kara, ka faɗa, ya nema duka, yunwa ba ta barin karatu ya zauna.

Sai inda mutane suka fi faɗawa rami. Kuɗin ba kasafai yake zuwa kafin rajistar farko ba, don sai makaranta ta tura bayanan yaro can, sannan shafin zai gane shi, bayan nan a tantance, duk wannan yana cin lokaci kuma wa'adin rajista ba ya jiran kowa. Saboda haka kuɗin shekarar farko ku tanade shi a hannu, da na karɓar gurbi da na hostal, kar a zauna jiran alat. In daga baya an tura wa makaranta alhali ya riga ya biya, sai ya bi a mayar masa da nasa, shi yasa duk rasit da takardar Remita ya adana, ya ɗauki hotonsu ma ya turo maka. A 2025 an yi ta hayaniya a jaridu kan wasu makarantu da aka ce kuɗi ya shigo ba su sanar da ɗalibai ba, don haka ya riƙa leƙa shafinsa da kansa yana ganin inda aka kwana. Kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema, ba sau ɗaya ba ne shikenan.

Abin da zai zo da shi: lambar JAMB, takardar admishan, lambar ɗalibi in sun ba shi, NIN, BVN da asusun banki mai sunansa shi kansa, ba na Hajiya ba, ba naka ba. Dan Allah tun yanzu a jera takardun nan a duba sunan. Wannan ita ce matsalar mu ƴan arewa, a NIN Muhammad, a JAMB Mohammed, a banki an saka sunan kaka ko sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa nan 1 ga Janairu can wata daban, kwamfuta kuwa ba ta san ai mutum ɗaya ba ne, ƙin karɓa kawai za ta yi, gyaran kuma sai an yi ta sintiri ofis-ofis. Neman kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a fito da sunan Auta da wuri ɗan damfara ne, kuma kar ya ba kowa lambar sirrin da ake turowa a waya. Imel ɗin da zai yi amfani da shi ya zama nasa wanda ya san faswod ɗin, ba wanda wani mai kafe ya buɗe masa ya manta ba.

Kar kuma bashin ya sa a manta da na kyauta. Ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya karɓo takardar shaidar ɗan asali ya ajiye, don hukumar sikolashif ta jiha in ta buɗe da ita ake nema, kuɗin ba yawa kuma ba ya zuwa a kan lokaci amma ba a cewa ka dawo da shi. Akwai na gwamnatin tarayya, akwai na kamfanoni irin MTN, su kuma sai ya ɗan yi nisa kuma sakamako suke dubawa, to ya dage tun aji ɗaya, kar ya ce sai ya waye da makaranta.

Ka ce masa ya same ni a shago ranar Asabar da safe kafin a ɗauke wuta, ya taho da takardun duka har da na firamare, mu fara duba sunan. Kai kuma ka kira Kawu kafin Juma'a, don in Baba bai amince ba ni ba zan danna komai ba.

Ka gaida mutanen, in ka samu shiga Makka ka sa mu a addu'a. Maman yara tana gaishe ka, ta ce a tuna maka dabinon da ka yi mata alkawari.

Naka,
abokinka na Kano