Zuwa ga ɗana, kan littafin da jikata ta ƙi saki

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na ji ka ce ka tara wa jikata littattafan labari, amma ta liƙe wa guda ɗaya, na kyanwa da ɓera, kullum shi take ɗaukowa, har kana tunanin ɓoye shi don ta kalli sauran. Kada ka ɓoye shi, ɗana. Abin da take yi daidai ne, kuma shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Yaro ba ya kama kalma a ji ɗaya. A karon farko hankalinsa duk yana kan abin da zai faru, ko kyanwar za ta kama ɓeran ko zai tsere. Sai ya san ƙarshen labarin sannan kunnensa yake samun sararin tsayawa kan kalmomi. A shekarar 2011, Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan da yara 'yan shekara 3. Wasu an karanta musu labari ɗaya sau uku, wasu kuma labarai uku daban-daban, alhali sababbin kalmomin iri ɗaya ne, kuma kowa ya ji su daidai adadin da ɗan'uwansa ya ji. Waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya su suka fi riƙe kalmomin.

Abin da ya sa ƙagaggen labari ya dace da wannan aiki shi ne, maganar da muke yi da yara a gida ba ta da faɗi: zo, zauna, bari, kawo, ina takalminki. Labari kuwa yana shigo da abin da babu shi a ɗaki, kamar ƙorama, guguwa, razana, nadama. Kuma ba ya kawo kalmar a bushe. Yarinya ta ga ɓera ya zaro ido ya manne da bango, sannan ta ji an ce "ya razana". Hoto da abin da ya faru da tsoron da ita ma ta ji, su ne suke ɗaure mata kalmar.

Kafin ku zauna, ka karanta littafin kai kaɗai, ka fitar da kalma biyu ko uku, kada ka wuce haka. Ka bar waɗanda ta riga ta sani, irin su ruwa da ƙofa. Ka bar waɗanda ba za ta sake jin su ba sai bayan shekaru. Na tsakiya nake nufi, waɗanda manya ke faɗa kullum amma yara ba su kai gare su ba: sanɗa, raɓe, leƙa, gaggawa.

A karatun farko ka bar labarin ya gudana. In ka iso kalmar, ka ba da ma'anarta a numfashi ɗaya: "Sai kyanwa ta yi sanɗa, wato ta taka a hankali don kada a ji ta." Ka wuce. Doguwar fassara tana tsinka zaren labarin, kuma da ya tsinke yarinyar ta tashi.

A karo na biyu da na uku ne aikin yake. Nan za ka rage karantawa, ka ƙara saurare. Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka sun bayyana wannan hanya tun 1988: ka tambaya, ka amshi abin da ta ce, ka ƙara masa kaɗan, ka sa ta maimaita. Ka nuna hoton ka ce, "Me kyanwa take yi?" Ta ce, "Tafiya." Ka ce, "Ƙwarai, tana tafiya da sanɗa. Ce sanɗa." Bayan tambaya ka ƙirga biyar a zuciyarka kafin ka sake buɗe baki. Yawancin iyaye nan suke faɗuwa, suna tambaya su amsa wa kansu kafin yaron ya gama haɗo maganar. Wani lokaci kuma ka fara jimla ka yi shiru, "Da ɓera ya ga inuwarta sai ya…", ita ta ƙarasa. Ku miƙe ma ku yi sanɗar da ƙafafunku.

Daga nan sai ka fitar da kalmar daga littafin, domin in ta tsaya a shafi ɗaya, yarinyar za ta ɗauka sanɗa ta kyanwa ce kaɗai. Cikin makon ka nemi wurare uku ko huɗu da za ta shiga: "Ƙanenki yana barci, mu wuce da sanɗa." Ranar da ka ji ta faɗe ta da kanta a wurin da ba ka koya mata ba, kalmar ta zama tata.

Minti 10 zuwa 15 kullum sun fi awa guda sau ɗaya a mako. Ƙanenta kuwa minti 3 zuwa 5 sun ishe shi, da littafi mai kaurin shafi wanda zai iya ciza, kana nuna hoto kana kiran suna.

Akwai kurakuran da nake so ka guje wa. Babbansu shi ne musanya kalma mai wuya da mai sauƙi. Littafi ya ce "ya razana", uba ya karanta "ya ji tsoro" don tausayi, ya jefar da abin da aka zauna dominsa. Ka faɗi duka biyun. Kada kuma ka mai da zaman jarrabawa. Tambaya ɗaya ko biyu a shafi ta isa, wani shafin ma ba sai an tambaya ba. In ta karya lafazi kada ka ce ta yi kuskure, ka dai maimaita kalmar daidai cikin amsarka. In ka ga kusan kowane layi yana neman bayani, littafin ya yi mata girma, ka ajiye shi zuwa wasu watanni. In kuma an rubuta shi da harshen da bakinka bai saba da shi ba, ka bi hotunan ka ba da labarin da harshen da kuke magana a gida.

Waya ba ta maye gurbin wannan, don bidiyo ba ya jiran amsar yaro, ba ya kuma gane cewa bai fahimta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno.

Ka sa ido kan ƙanen nata. In ya kai wata 18 ba ya faɗin ko kalma ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ku kai shi asibiti a duba jinsa, kada a zauna jira. Ita kuma, ko bayan ta fara karatu da kanta, ka ci gaba da karanta mata, domin abin da kunnenta zai iya ɗauka zai daɗe yana gaba da abin da idonta zai iya karantawa.

In ka rubuto, ka gaya mini kalmomi ukun da ka zaɓa daga littafin kyanwar. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yaran. Allah Ya raya su, Ya yi muku albarka.

Mahaifinka.